Gizo Ya Ci Jarin Attajiran Broadway

A tatsuniya Gizo yakan damfari kura ne ya tsere. A Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta birnin New York, kuwa masu jari ya samu. Wasan dandamali mai waƙe-waƙe kan jarumin gizo-gizo, Spider-Man: Turn Off the Dark, ya lashe kusan dala miliyan 75 kafin a buɗe shi, kuɗin da ba a taɓa zuba wa wani wasa a can ba.

Dabarar ita ce a ɗaure 'yan wasa da igiya su riƙa shawagi a kan 'yan kallo. A daren gwajin farko, a Nuwamban 2010, igiyar ta cije, aka bar jarumi yana reto. A Disamba ɗan wasa Christopher Tierney ya faɗo daga sama sai asibiti. 'Yar wasa Natalie Mendoza, da ta bugu a ka, ta ce a kai kasuwa, T.V. Carpio ta gaje ta. A Maris ɗin 2011 aka sallami darakta Julie Taymor, wadda ta shirya wasan The Lion King, ita kuma ta garzaya kotu. Bono da The Edge da suka yi waƙoƙin dai ba a taɓa su ba, ai ba su ke hawa igiyar ba.

Sai da aka yi gwaji 182 kafin buɗewa a Yunin 2011. Jama'a fa sun yi ta tururuwa, wasu don waƙa, wasu, Allah na tuba, don ganin wa zai faɗo. Sai dai kowane mako wasan na cin sama da dala miliyan ɗaya. Aka rufe a Janairun 2014, uwar kuɗi ba ta dawo ba.