Jirgin Shata da Ire-iren Masu Hawansa

Wanda ya ɗauki shatar jirgin sama daga Kano ko Abuja zuwa Dubai, Jidda ko Landan ya sayi abubuwa masu daɗi. Babu bin layi, babu mai taka masa babbar riga, babu mai kiran sunansa a lasifika. Amma kuɗinsa bai sayi sararin samaniyar ƙasashen mutane ba, bai sayi dokokinsu ba, bai kuma sayi barcin matuƙi ba. Wannan ɗan bayanin ne ma'aikatan kamfanonin shata ke fama su cusa a kunnen manya, kuma masu toshe kunnen kala-kala ne.

Shugabansu shi ne Alhaji Yanzu-yanzu. Shi ne mai bugo waya ƙarfe sha ɗaya na dare ya ce yana son ya yi azahar a Jidda gobe. A ganinsa jirgi motar gida ce da aka ɗaura wa fukafukai: a tashi direba, a zuba mai, a kama hanya. Sai an yi masa bayani a hankali cewa tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 kowace ƙasa ke da iko da samanta, kuma jirgin shata sai ya nemi izinin ratsawa a ƙasashen da ke kan hanya, da izinin sauka inda za shi. Wasu ofisoshin kan amsa cikin yini guda, wasu sai an yi kwanaki, kuma kwanakin aiki suke ƙirgawa. Saudiyya na hutu Juma'a da Asabar. Ƙasar Sin kan rufe ofis mako guda a farkon Oktoba, daidai lokacin da 'yan kasuwarmu ke haramar baje kolin Guangzhou. Hanyar ma ba kullum take a buɗe ba. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne idan aka miƙe ta Chadi da Sudan, amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 sai da jirage suka koma zagaye, kuma a Agustan shekarar Nijar ma ta rufe nata saman kusan wata guda. Duk wannan Alhaji zai saurara da haƙuri, sannan ya ce, "To, a ɗan ba su wani abu mana."

Ƙaninsa na jini shi ne Sai-ya-jira-ni. An ce masa ƙarfe biyu na rana za a tashi, ya iso shida saura, domin ya biya ɗaurin aure a Fagge, ya tsaya gaisuwar mutuwa a Tarauni, a hanya kuma ya tuna bai ci tuwo ba. Gaskiyarsa, jirgin zai jira shi. Agogon matuƙan ne ba ya jira, don tun da suka iso filin ya fara gudu, kuma doka ba ta barin su wuce kimanin awa 13 zuwa 14 a bakin aiki ba tare da doguwar hutawa ba. Can kuma filin Farnborough, inda manyan baƙin Landan ke son sauka, ana rufe shi ƙarfe 10 na dare a ranakun aiki, ƙarfe 8 a ƙarshen mako. Tafiyar kusan awa shida ce, sai mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ƙarshenta a sauka wani filin da tsakar dare, motocin tarba kuma suna can inda aka rufe ƙofa, shi kuwa yana ta tambayar yaransa wane ne ya ɓata tsarin.

Sai Ka-san-ko-ni-wane. Fasfonsa saura wata uku ya mutu, alhali Dubai da Saudiyya na son aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara kuwa, wanda Afirka ta Kudu ba ta wasa da shi ga mai fitowa daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana goma kafin ta karɓu, ya ce shi tun yana yaro aka yi masa lamba. Abin tausayin shi ne jami'ar shige da fice a Johannesburg da gaske take ba ta san ko shi wane ne ba, kuma ba ta taɓa jin sunan sarautarsa ba. Irinsa ne suka yi ta mamaki tsakanin 2022 da Yulin 2024, lokacin da Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, da suka gano cewa girman jirgi ba ya zama biza.

Ni dai a cikinsu duka Ɗan Rakiya na fi so, don shi ba shi da laifin komai. Bawan Allah ya zo filin jirgi ne ya riƙe wa maigida jaka ya yi masa Allah kiyaye hanya. Ana bakin matakala sai zuciyar Alhaji ta yi fari, ya waiwayo ya ce, "Malam, shigo mana, ai akwai wuri." Wurin kam akwai. Sunansa ne babu a takardar fasinjojin da aka riga aka aika, kuma Ingila tun 2024 ta wajabta a tura sunayen ta intanet aƙalla awa biyu kafin tashi, tarar saɓawa tana iya kai fam 10,000. A laluba aljihun Malam, abin da za a samu shi ne carbi, asuwaki da katin zaɓe. Kyaftin zai ce ba zai tashi ba, Alhaji zai ce an ci mutuncin mutuminsa, Malam kuwa ya riga ya ɗaura bel yana yi wa iyalinsa waya cewa a yafe masa, tafiya ta kama shi.

Hajiya Mai Tsaraba takan iso da mota biyu, ta biyun ta kaya ce. Akwai kilishi, dambun nama, man shanu a galan, daddawa, da huhun goro na surukai. Ma'ajiyar kayan ƙaramin jirgi ba ta da yawa, kuma kowane kilo da aka ƙara ana cire shi ne daga man da za a sha. A zafin Afrilu na Kano, lokacin da ake haura digiri 40, iska kan yi sako-sako, nauyin da jirgi zai iya ɗagawa ya ƙara raguwa. Sai kyaftin ya ce ko dai a rage kaya, ko a tsaya shan mai a hanya, wanda ke nufin sabon izinin sauka a ƙasar da ba a nema ba tun farko. Bayan duk wannan ɗawainiya, Ingila da Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan madara, Saudiyya kuma ta hana goro. Kilishin da ya jawo tsayawa a Aljeriya a kwandon kwastan zai kwana. Ba a ma zancen dawowa, ranar da za a ga firjin da ya fi ƙofar jirgin faɗi.

Mai Jaka ba ya magana da yawa, ba ya kuma yarda kowa ya riƙe masa ita. Ɗaukar kuɗi ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan a Najeriya, Turai na tambaya daga yuro 10,000. Shi yana ganin cike takarda tallar dukiya ce, har ranar da za a ƙirga masa ita a gaban jama'a.

Wanda ba na iya yi wa dariya sosai shi ne Na-san-wani. Kamfani ya faɗi farashi, ya ce an yi masa tsada, yana da dillalin da zai samo jirgin wani attajiri a rabin kuɗin. Sharaɗi ɗaya ne: idan an tambaya, ka ce kai ɗan'uwan mai jirgin ne. Jirgin da aka yi wa rajistar hawan mai shi ba shi da lasisin ɗaukar fasinja da kuɗi, binciken da ake yi masa bai kai na jirgin haya tsanani ba, kuma ranar tsautsayi kamfanin inshora na iya zame jiki. A 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jirage kan wannan sana'ar ta bayan fage. Ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala irin wannan jirgin ya hau daga Nantes zuwa Cardiff a Janairun 2019, da matuƙin da ba shi da lasisin haya, suka faɗa teku. Wanda ya shirya tafiyar an ɗaure shi wata 18.

Akwai kuma wani da ma'aikatan ba su da labarinsa ko ɗaya. Sakatarensa kan aiko da hoton fasfon kowa kwana goma kafin tafiya, ya faɗi yawan akwatuna, ya tambayi lasisin kamfanin, ya amince da filin da za a karkata idan hazon hunturu ya rufe Kano. Shi kuma maigidan ya iso rabin awa kafin lokaci, ya gaisa da kyaftin, ya yi barci har a sauka.

Ranka ya daɗe, idan akwai tafiya a wata mai zuwa, a ciro fasfo daga durowa yau a duba ranar mutuwarsa, a kuma yi sallama da Malam tun daga ƙofar gida.