Akuya Ta Cinye Alamar Hanya

Ranar Talatar nan, tsakanin Kura da Chiromawa, wata tirela maƙare da siminti ta mutu a tsakiyar kwalta. Direbanmu bai ankara ba sai da ya rage 'yan taku. Ya danna burki har wata baiwar Allah da ke kujerar baya ta saki salati da robar furarta lokaci guda. Da hankali ya dawo jiki, ya leƙa ta taga ya daka wa yaron motar tsawa: "Kai! Ba za ku sa alama ba?" Yaron yana kwance a kan tabarma a ƙarƙashin tirelar. Ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Wallahi Oga mun sa. Akuya ce ta cinye."

Kuma bai yi ƙarya ba. Ga ta can a bakin hanya, ja, mai tsohon ciki, tana tuƙa tana kallonmu. Abin da ya saura na tsaron rayukanmu tsinke biyu ne da rabin ganyen mangwaro.

Ni ban ga laifin akuyar ba. Rani ne, ba ciyawa, aka kawo mata ɗanyen ganye har ƙofar gida, aka jera mata shi tuli uku. Me ake so ta yi, ta kira lambar gaggawa ta 122? Laifin na wanda ya zaɓi mangwaro ne. Duk gogaggen yaron mota ya san darbejiya ake karyowa, don ɗacinta yana sa dabba ta tsaya shawara, ko da daga baya za ta ci. Mai sa mangwaro ko gawo kuwa, wannan walima ya shirya.

Karatun ganye ilimi ne, kuma duk mai bin hanyar Zariya ya sauke shi. Ganye shar, yau motar ta mutu, direba yana nan da ransa a ɓace. Ganye ya yi yaushi, bakanike ya tafi Ƙofar Ruwa nemo kaya, wayarsa a kashe. Ganye ya bushe har yana ƙaras-ƙaras, to mai mota da direba sun ɓata, yaron mota ya ɗaura igiyar shanya daga madubi zuwa bodi, mai shayi ya buɗe masa littafin bashi, wataƙila ma an fara yi masa maganar aure a ƙauyen. Sai kuma babban darasi, wanda ko manyan direbobi suna saɓani a kansa: ganye ba mota. Wasu sun ce ta tashi tun makon jiya, an bar mana ganyen da duwatsun da aka tare taya da su don tarihi. Wasu sun ce rami ne a gaba. Wasu sun ce kawai ya faɗo daga kan amalanke. Kai dai rage gudu, ka yi addu'a.

Tunda mun zaɓi ganye, ina ba da shawarar a shigar da shi doka a huta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Hukumar da ta kai waɗannan shekaru ba za ta rasa ɗaki ɗaya da za ta ware wa Sashen Ganye da Rassa ba, da darakta da mataimaki da motar ofis. A fitar da jadawali: ƙaramar mota reshe ɗaya, bas reshe uku, tankar mai itaciya guda da saiwarta. A haramta duk abin da akuya ke marmari. Mai neman lasin tuƙi a shimfiɗa masa ganye iri biyar a tebur ya faɗi kwana nawa kowace mota ta yi. Akuyar da aka kama tana cin kayan gwamnati a miƙa ta ga 'yan KAROTA su yanka mata tara, ko da yake na san kafin a gama rubuta takarda wani zai bugo waya ya ce ta Alhaji ce, a sake ta.

Da rana ke nan, ana iya dariya. Da dare ganye baƙi ne, kwalta baƙa ce, bayan tirelar ma baƙi ne, don fitilunsa sun mutu tun tana hannun mai ita na farko, jan ƙyallen nan mai walƙiya kuwa ƙura da baƙin mai sun binne shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Yaron mota ya ajiye reshensa taku goma daga bayan tirela, don ba zai yi nisa da tabarmarsa ba. Ku yi lissafin da kanku. Kafin ƙafar direba ta bar totur, bas mai cin mutum goma sha takwas ta shige ƙarƙashin bodi. Da safe a zo a kwashe, a ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ajali. Amma ba ajali ne ya ƙi gyara fitila ba, ba shi ne ya bar siminti tan talatin a tsakiyar titi ya tafi cin tuwo ba. Mutum ne, yana da suna, motarsa tana da lamba, kuma gobe zai sake ɗauko lodi ba wanda ya tambaye shi komai.

Hanyar ma ta canza, mu ne muka ƙi. Da, ramuka ne ke riƙe mana gudu kyauta. Tun da aka sake shimfiɗa ta a aikin da aka fara a 2018, daga Na'ibawa zuwa Kwangila ta yi sumul, kowane direba ji yake an yi masa ita ne shi kaɗai. Gari ya miƙe har Kwanar Dawaki, inda da gonaki ne yanzu shaguna ne da gidajen mai. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki a 2023 don a ƙara shigo da kwantena. Lokacin tumatir Kwanar Gafan ba masaka tsinke. Duk wannan kaya, duk wannan jama'a, mun damƙa amanarsu ga reshen bishiya.

Ba wai ba mu da jar alamar nan mai kusurwa uku ba. Kowa yana da ita. Tana cikin but, a ledarta, kusa da tukunyar kashe gobarar da ta ƙare aiki shekara shida da suka wuce. Kamar kwanon jeren amarya take, na nunawa ne, ba a cin abinci a ciki. Jami'i ya tsayar da kai, ka buɗe but, ya gani, ka gani, a rufe. Ka ce wa direba ya kafa ta a titi, sai ya dube ka da mamaki: "Haba Malam, a sace min? Gobe me zan nuna?"

Wuri ɗaya na saba ganinta a tsaye tana aiki, wato bakin layin da ake biki. A jera benci biyu, a kafa ta a tsakiya, a sa wani ƙato da sanda, shi ke nan titin gwamnati ya zama tsakar gidan uban amarya daga la'asar har sha ɗayan dare. Wannan ma wani ciwon ne. Jumma'ar da ta wuce, layinmu da na bayanmu duka a rufe, ɗaya kamu, ɗaya suna, mai Adaidaita Sahu ya sauke wata tsohuwa da buhun masararta a bakin kwalbati ya ce iyakarsa ke nan. Na je na yi wa mai sandan magana a hankali, na ce ko za a ɗan janye benci ɗaya. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko ta wajen ango nake ko ta wajen amarya. Na ce ta wajen gidana nake, ga shi can ana hangowa. Ya ce to in zagaya ta bayan makabarta, ai ba nisa.