Kwamfuta Ba Boka Ba Ce, Malam Mai Gardama

Na san ku, 'yan majalisar gindin bishiya na Sanyinna. Da an ce kwamfuta ta fara duba ciwon ƙoda, ɗaya zai gyara hula ya ce: "Wadda ba ta da ƙoda ce za ta san ciwonta?" To Malam, likitan haihuwa namiji sau nawa ya yi naƙuda?

Ku matso ku ji yadda abin yake. Likita kan sa allura ya ciro ɗan nama siriri daga ƙodar majiyyaci. A yanka shi shara-shara, a shimfiɗa kan gilashi, a rina, sai masanin nama ya leƙa ta madubin likita. Ƙoda ɗaya na da 'yan matatun jini kusan miliyan guda, amma abin da allurar ke kamowa galibi goma ne zuwa ashirin. A cikinsu zai ƙirga masu rai da waɗanda tabo ya cinye. Ido kan gaji, har ƙwararru biyu su duba gilashi ɗaya su saɓa.

Nan kwamfuta ta shigo. A 2019, masana a asibitin Jami'ar Radboud da ke Nijmegen, ƙasar Holan, suka ɗauki hotunan irin wannan gilashi, suka zana wa na'ura iyakar kowane sashe: ga matata lafiyayya, ga matacciya, ga bututu, ga jijiya. Ta yi ta gani har ta iya rarrabewa a hoton da ba ta taɓa gani ba. Kamar dillalin kara ne: ya buɗe bakin raguna dubu, yanzu leƙe ɗaya ya faɗi shekaru. Ko shi ma da aljanu yake aiki?

Na ji Baba daga Kebbe yana cewa: "Ai da Turawa aka koya mata." Baba, a nan kam ka ci gari. Tun 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana kuma ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Na'urar da ba ta saba da naman mutanenmu ba tana iya yin tuntuɓe. Maganin haka shi ne asibitocinmu, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, su tara hotunan namu a koyar da ita. Kuma ko ta ƙware, likita ne mai sa hannu.

Yanzu saura ku. Ƙafa ta kumbura, fitsari na kumfa, ku ce sammu ne. A sha jiƙo, a haɗa da ƙwayar ciwon jiki ta mai talla, hawan jini da ciwon suga na ta ɓarna ba a auna ba. Sai ƙoda ta tsuke a kwaso mutum zuwa Sakkwato. A lokacin ba a ma cika ciro naman ba, zancen wankin ƙoda ake yi. Me kwamfutar za ta duba?

Gardamarku na karɓa, domin ita ke sa masana gyara aikinsu. Amma ranar kasuwa mai zuwa, a biya ta asibiti a auna jini da fitsari, sannan a dawo majalisa mu ci gaba.