Masana Lemon Citta da Ire-irensu

Babu abin da ke mayar da mutum masani cikin gaggawa irin lemon citta. Shayi sai an zauna, nama sai an tauna, amma citta kurɓa ɗaya ta wadatar: tana sauka a maƙogwaro kowa ya zama alƙali. Yanzu kuma abin shari'ar ya yi yawa. Kowace unguwa a Kano tana da matar da ke haɗa nata, ta ɗura a roba, ta manna takarda mai sunanta, ta tallata a WhatsApp. Ga kuma kwalaben waje da ake samu a manyan kantunan Abuja ko a akwatin matafiyi. In aka jera waɗannan duka a kan tabarma bayan sallar asham, ko a gefen rumfar walima, citta dai iri-iri ce, amma masu shanta sun fi ta yawan iri.

Wanda ke fara bayyana shi ne mai neman yaji. Ma'auninsa ɗaya ne tak: in bai ji kamar an ƙyasta masa ashana a maƙoshi ba, ba a yi komai ba. Zai kurɓa, ya ɗaga kai sama yana jiran ta iso. In ba ta iso ba sai ya ture kofin ya ce, "Wannan a kai wa 'yan Islamiyya." In kuwa ta iso, idanu su kawo ruwa, goshi ya tsattsafo da gumi, ya yi tari, sannan cikin shaƙaƙƙiyar murya ya ce, "Yauwa, yanzu aka yi magana." Ba ya yabon ƙamshi, bai ma san akwai shi ba, don tun kofin farko harshensa ya mutu. Sai dai yana da ilimi guda da ba a ja da shi: busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi. Masana sinadarai ma haka suka ce, wai sinadarin gingerol da ke cikin ɗanya yana rikiɗa ya zama shogaol in an busar da ita, shi kuwa wannan ya fi cizo. Mutuminmu bai san sunayen nan ba, ya dai san cewa in mai haɗawa ta ƙara masoro da kimba, to 'yar halak ce.

Kusa da shi, amma yana ɗan janye babbar rigarsa, akwai wanda ya taɓa zama a Landan. Shi ba ya sha a roba. Sai an nemo masa tambulan, ya zuba kaɗan, ya kaɗa, ya ɗaga ya duba a hasken fitila, ya sunsuna da ido a rufe, sannan ya ce yana jin "wani ɗan ƙamshin ƙasa a ƙarshe." Kafin ka sha naka ya ba ka tarihi: a yankin Yorkshire na Ingila aka fara irin wannan lemo tun wajen tsakiyar shekarun 1700, Fentimans tun 1905 suke yi, Bundaberg kuwa daga jihar Queensland ta Ostireliya yake zuwa. Canada Dry, wanda aka fara a Toronto a 1904, ba ya ma lissafa shi, wai sunan citta kawai aka ambata a kusa da kwalbar. Abin alfaharinsa shi ne Fever-Tree, kamfanin da Charles Rolls da Tim Warrillow suka kafa a Landan. Zai riƙe 'yar kwalbar da hannu biyu, ya raba ta wa mutum shida, kowa ya jiƙa leɓe.

Abin da ba ya son a tayar shi ne inda kamfanin ke samo cittarsa. Su da bakinsu sun ce iri uku suke haɗawa: ta Kwaddibuwa, ta Cochin a Indiya, da ta Najeriya. Cittar Najeriya kuwa kowa ya san gidanta, Kudancin Kaduna: Kachia, Jaba, Kagarko. Can ake noma tafin giwa, mai kauri da tsoka ruwan ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai duhu. Can ake tsaga ta biyu a shanya a rana, a ɗura a buhu, a yi Legas da ita a loda a jirgin ruwa. Wato citta ta tafi Ingila a buhu ta dawo a kwalba, shi kuma ya miƙe tsaye ya ba ta kujera. In ka miƙa masa ta Hajiya da aka markaɗa a injin bakin layi, daga gona ɗaya watakila, sai ya ce ta yi "ƙarfi da yawa."

Shi kuwa Malam mai shakka tun da aka fasa kwalbar ta yi tsit ya ja da baya. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya juya ta, ya nemi yaro mai Turanci ya karanta masa ƙananan rubutun nan ɗaya bayan ɗaya. Ana ta dariya, amma ni ina bayansa, domin ruwa ba ya tsami banza. Asalin wannan lemon na Turawa barinsa ake yi ya kwana da sukari da yis har ya tashi, kuma tashin nan shi ke haifar da barasa. Yawancin na yau lemo ne zalla da aka busa wa iska, wasu irin Fentimans suna rubuta cewa abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, amma akwai irin Crabbie's na Sikotilan wanda giya ce sosai. To duba takarda ba ƙauyanci ba ne. Inda Malam ke ba da dariya shi ne bayan ya gama wannan bincike, sai ya juya ya ɗauki robar gida wadda ta wuni a rana ba wuta, ta kumbura har murfinta yana huci, ya yi bisimilla ya shanye. "Allah gafarta Malam, wannan fa ta kwana." "Ta gida ce," in ji shi.

Likitan majalisa ba sai an daɗe a kansa ba. A wurinsa citta tana maganin sanyi, basir, shawara, kasala da wasu abubuwan da sai ya rage murya yake faɗa. Gaskiyar da ke ciki ita ce tana kwantar da tashin zuciya, wannan likitocin asibiti ma sun yarda. Gwangwanin sukarin da aka juye a bokitin ne bai taɓa shiga lissafinsa ba.

Duk waɗannan 'yan kallo ne in aka kwatanta da Hajiya mai sana'ar, ranar da aka ba ta na wata ta ɗanɗana. Ba ta sha, taɓawa take yi. Ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan motsa baki, ta yi shiru. Cikin shirun nan ta gama karanta tukunyar abokiyar hamayya: an sa ɓawon abarba, kanumfarin ya yi yawa, lemon tsamin da ɓawonsa aka matse shi ya sa yake ɗaci, tacewar kuma da rariya aka yi ba da ƙyalle ba, ga gari nan kwance a gindin roba. In ta ji ƙamshin kanti, irin na 'yar kwalba da ake ɗigawa, sai ta ɗaga gira ɗaya kawai. Sannan ta yanke hukunci da kalma biyu: "Ba laifi." Duk wanda ya san mata ya san an gama da mai wannan lemo. Tambaye ta nata sirrin kuwa, za ta yi murmushi ta ce, "Ai ba komai, ɗan nan, citta ce da sukari sai albarka." Ta faɗi citta, ta faɗi sukari. Na'a-na'ar da take jefawa bayan an sauke, da tsamiyar da take jiƙawa tun dare, waɗannan ko 'yarta sai ranar da za a kai ta ɗaki za ta ji.

Akwai kuma matafiyi, wanda duk abin da aka ba shi na wani gari ya fi. In Kumasi ya je, lamurjen Zango ne, wanda ake markaɗawa da jiƙaƙƙiyar shinkafa. In Yamai ce, lemu hari. In ya taɓa sauka a Nairobi ko da jiran jirgi ne, to sai ka ji labarin Stoney Tangawizi, kuma ba zai gaya maka cewa na kamfanin Coca-Cola ba ne. Yana kushe na gabansa yana miƙa kofi.

Mai lissafi shi farashi yake ɗanɗanawa. Kafin ya kai baki sai ya ji nawa, in an faɗa ya yi salati. Amma shi kaɗai ne a wurin ya san dalilin da ya sa lemon ya canza. A damunar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su fitar ba. Kuɗin citta ya yi tashin gwauron zabo, masu haɗawa suka shiga dabara: wata ta rage citta ta ƙara ruwa, wata ta cike gurbin da barkono. Shi ya fara ganewa. Mai neman yaji kuwa a shekarar ya fi yabon lemo, yana cewa mata sun gyara hannu.

Sai bawan Allah da duk wannan ba ta dame shi ba. Tambayarsa ɗaya: "Da sanyi?" In da ƙanƙara, ko ruwan tsamiya ka ba shi zai ce citta ta yi. Ba a raina shi, don a watan Afrilu a Kano ra'ayinsa ne ke da rinjaye.

Na ƙarshe ba ya gardama da kowa. Yana zaune a bakin tabarma inda robobin suka fi kusa, ya yarda da mai yaji, ya gyaɗa wa ɗan Landan kai, ya ce Malam ya yi gaskiya. In aka ce, "Kawu, kai wanne ka zaɓa?" sai ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Wallahi ban ji na farkon sosai ba, ƙaro mini in tabbatar." Ya tabbatar da na farko, ya koma na biyu don adalci, na ukun kuma ya ce ya manta yadda yake. Lokacin da aka tashi kaɗa ƙuri'a aka ce kowa ya sake kurɓa ta ƙarshe, sai aka tarar robobin duk iska ce a ciki, Kawu kuma yana tambayar Hajiya ko akwai saura a kula a ƙulla masa na yara.