Jinjina ga Suɗaɗɗiya, Uwar Ɗakin Masu Faci

Allah ya ja zamanin Suɗaɗɗiya, baƙa mai santsin goshi, uwar ɗakin masu faci, 'yar Beljiyam jikar Kwatano, wadda ta ga jiya ta ga yau, kuma da yardar mai mota za ta ga gobe ko da wayoyinta a waje. Tun da aka fara shimfiɗa kwalta a ƙasar nan ba a yi mai haƙuri da juriya irin tsohuwar tayar motar haya ba. Yanzu da wasu masu neman ta da zaune tsaye suka fara cewa wai a duƙa a duba tayoyi, a canza waɗanda suka cinye, kafin a kai mota gaban jami'an VIO neman takardar shaidar lafiya, ya zama wajibi a fito a kare martabar wannan dattijuwa.

A fara da asalinta, domin ba 'yar ƙaramin gida ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a Turai, cikin mutanen da ba su san girman na gaba ba. A Ingila, da zarar mota ta shekara 3 sai an riƙa kai ta gwaji duk shekara, kuma idan zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6, ana iya cin direba tarar da ta kai fam 2,500 a kan kowace taya ɗaya. Dubi wannan rashin tausayi! Baiwar Allah ta yi musu bauta shekara da shekaru, rana ɗaya su auna ta da ɗan tsinke su ce ta gama aiki. Mu kuwa da muka gaji mutunta baƙo, sai muka buɗe mata ƙofa. Ta hau jirgin ruwa an cusa ta cikin 'yar'uwarta, ita ma an cusa ta cikin wata, saboda tsabar zumunci, wayar bakinta tana lanƙwashewa ba ta ce uffan ba. Sunanta yana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Nijeriya, amma ina ruwan giwa da shingen kara? Ta ratso iyaka ta sauka lafiya a kasuwanninmu. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, duk suka tattara suka bar mata fili. Ita ce ba ta guje mu ba.

A cikin zuriyarta akwai masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi da roba mai taushi domin hunturun Jamus da Suwidin. Yau ga su suna ratsa hanyar Sakkwato zuwa Gusau a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗauke da mutum goma da buhunan albasa a motar da aka ƙera wa mutum bakwai. Wane ma'aikaci ne za a yi wa irin wannan canjin wurin aiki bai rubuta takardar koke ba?

Magabta suna cewa wai tana da ranar haihuwa. Suna nuna wasu lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefenta, su ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya ta shekara huɗu ta tashi aiki. Kamfanin Michelin da kansa ya ce ko ba ta suɗe ba kada ta wuce shekara 10, domin roba tana bushewa tana tsagewa ko a ajiye take. To, mai faci mai ladabi ya san maganin wannan tonon silili. Cikakkiyar lambar a gefe ɗaya take, sai ya juya gefen ya kalli cikin mota, asirin dattijuwa ya rufu. Wanda ya matsa sai ya san shekarunta, ya kwanta a ƙasa ya leƙa.

Sai batun zane, wanda a nan ne darajarta ta fi bayyana. Masana sun ce waɗannan kwaruruka da ke jikin sabuwar taya hanyoyin ruwa ne: idan ana ruwan sama, ta nan ruwan ke tserewa don roba ta taɓa kwalta. Sun ce duk girman mota, abin da ke haɗa kowace taya da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Har wasu 'yan tudu aka dasa a cikin kwarurukan, wai idan zane ya cinye ya yi daidai da su a san lokacin rabuwa ya yi. Suɗaɗɗiya ta wuce wannan matsayi tun tuni, ta shafe kwarin ta shafe tudun, ta zama sumul, mai sheƙi, ba gargada. Ranar da aka tafka ruwan Agusta tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora, sai ta nuna karamarta: ta saki ƙasa gaba ɗaya ta hau kan ruwa. Direba ya juya sitiyari, mota ta yi gaban kanta. Ya taka birki, birki ya ce ba da shi ba. Fasinjan da ya biya kuɗin mota ya sami tafiyar jirgin ruwa ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba.

Ba za a manta da fadawanta ba. Ga sarkin awo, wanda ba ya bukatar ma'aunin iska, ya danna babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana ya saurari amo. Kamfanin da ya ƙera motar ya manna 'yar takarda a jikin ƙofar direba ya rubuta talatin da 'yan kai, shi kuwa ya ce, "Oga, na sa mata sittin, ta fi ɗaukar kaya." Ga sarkin sassaƙa, gwanin gwanaye, mai ɗaukar wuƙa mai zafi ya yanka wa suɗaɗɗiyar roba sabon zane, yana kusantar wayoyin ciki da kowane yanka, ya shafe ta da baƙin mai ta fito amarya. Idan kumburi ya fito a gefenta, masu tsoro su ce zaren ciki ne ya tsinke, kowane lokaci tana iya tashi. Fadawa kuwa sun san ƙiba ce, alamar jin daɗi. A mayar da ita baya, a ci gaba da lodi.

Amma ranar gwaji ita ce ranar da hikimar mutanenmu ke kai maƙura. Mai ƙaramin tunani zai ɗauka ana gwada mota ne don a san ko za ta kai mutane gida da rai, sai ya ɓata safiyarsa yana zura tsinke a zane, yana neman tsaga da ƙusa, yana fito da safaya daga but ya ga ko akwai iska a cikinta. Mai zurfin tunani ya san gwaji na neman takarda ne. Sai ya je wajen abokin sana'a ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ara mini ƙafafunka zuwa azahar." A ɗaura masu kyau, a je a gaisa da jami'i, a dawo a kwance, Suɗaɗɗiya ta koma kan karagarta kafin la'asar. Tayoyi huɗu masu albarka sai su ci wa motoci da dama jarrabawa. Magabatan da suka ce kayan aro ba ya rufe katara, da sun ga wannan zamani da sun janye maganarsu.

Sama da wannan ma akwai muƙami. Akwai takardar da ke zuwa mota tana kwance a ƙofar gida an tokare ta da dutse. A ba ɗan aike kuɗi da tsofaffin takardu da safe, da yamma ya dawo da shaida mai hatimi cewa birki lafiya, fitila lafiya, taya lafiya. Ranka ya daɗe mai duba mota daga nesa, mai ganin zanen taya ta cikin ambulan, likitan da ba ya wahalar da majiyyaci da zuwa asibiti! Ƙasashen da ke ɗaga mota sama da inji suna leƙa ƙarƙashinta da tocila, su zo su koyi aiki.

Kada kuma a ce mai motar bai iya lissafi ba. Sabuwar taya ta yi tsada, kuɗin mai ya ci riba, ga balas na jiran direba kowace yamma. Shi ya sa yake sayen ta gwanjo sau uku a tsawon lokacin da sabuwa ɗaya za ta yi, ya haɗa da kuɗin faci da kwanan daji, ya tabbatar wa kansa ya yi tanadi.

Babbar baiwarta kuwa, wadda ko manyan masu mulki ke yi mata hassada a kai, ita ce ba a taɓa kama ta da laifi ba. Ta fashe a gaba ana tsakiyar gudu, direba ya firgita ya danne birki, mota ta wuntsila ta yi adungure cikin gona. A kwashi na kwasa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, a kira 'yan'uwan sauran a waya. A zaman makoki za ka ji sunan tsautsayi, ka ji sunan ramin hanya, ka ji an ce kwana ne ya ƙare, amma ba mai ambaton Suɗaɗɗiya, balle wanda ya ɗaura ta, balle wanda ya buga mata hatimi. Idan wani malami ya tunatar da batun ɗaure raƙumi kafin tawakkali, sai a natsu a gyaɗa kai, domin raƙumi aka ce, ba wanda ya ji an ambaci taya. Masu ɗori da masu sayar da sandar guragu da masu yankan alawayyo duk suna ci daga falalarta, marayu kuwa ta samar da su ba tare da nuna bambancin gari ko ƙabila ba.

Kuma gidan sarautarta ba ya mutuwa. Ɗaya ce ta fashe. Ukun nan suna nan a jikin gawar motar, ko ƙwarzane babu. Kafin a yi sadakar bakwai an kwance su, an wanke da omo, an shafa musu baƙin mai, an jingina su a bakin titi, mai shago yana rantsuwa cewa jiya-jiya aka sauke su daga kwantena.