Baƙin Lambun Kawu

A arewacin Ajantina, a lardin Salta, akwai wani gari Kafayate da ke zaune cikin duwatsu, tsayinsa daga teku ya kai kusan mita 1,700. Inabi suke nomawa, wasu gonakin yankin ma sun kai mita 3,000, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. Duk shekara mutane kan biya kuɗin jirgi su hau can don a zuba musu ɗan abin da aka matse daga inabin a gindin kofi. Su juya shi, su sunsuna, su kurɓa, su kuskure baki, sannan su tofar a wani kwano da aka ajiye musamman don tofarwa.

Da na ba Kawu wannan labari, batun giyar bai ɗaga masa kai ba, don ya san ba harkarmu ba ce. Tun watan Satumban 1983 ma shugaban Sudan Numeiri ya tuttular da ta Khartum a kogi, ruwan kuwa arewa ya nufa, ko ɗigo bai taso mana ba. Abu biyu ne suka tsaya masa a rai.

"Ka ce biya suke yi kafin su ɗanɗana?"

Na ce, "Biya suke yi, Kawu."

"Kuma su tofar?"

"Su tofar."

Ya yi shiru, ya dubi bishiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya ba mu irin waɗannan baƙi."

Lambun Kawu, wanda mu nan muke ce wa jinena, yana bakin kogin Bahar Azrak ne, tsakanin Sinnar da Sinja, ba nisa da Mai Wurno. Mu ba mu da dutsen hawa, gangarowa ake yi a same mu. Akwai mangwaro, akwai gwaiba, da ayaba da lemun tsami. Wata tara na shekara ba mai leƙo mu sai mai bin bashin man inji. Amma da zafi ya kankama, mangwaro ya fara ja a kumatu, sai ka ga hanyar lambu ta zama ta kasuwa. Na shekara da shekaru ina zaune a kan angarib, gadonmu na igiya, a inuwa ina kallon masu zuwa, har na gane ashe iri-iri ne su ma, kamar mangwaron.

Wanda ke buɗe fage kullum shi ne Ɗan Burmi. Wannan zumuncinsa da mangwaro yake nuna, da shi yake ƙarewa. Zai shigo da sallama mai tsawo, ya tambayi lafiyar kowa har jakin gida, ya zauna ya fara jero asali. Kowa a nan ya san yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin wannan kogi. To, Ɗan Burmi ya rantse kakansa da kakan Kawu a inuwar bishiya ɗaya suka huta a wannan tafiya, a ƙwarya ɗaya suka sha fura. Kawu kuwa ya san sarai kakansa maniyyaci ne da guzuri ya ƙare masa a hanyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga, tsayuwar da har yau ba a tashi ba. Amma ba ya musu. Abin da ya taɓa ce mini kawai shi ne, da duk masu cewa kakansu na Burmi gaskiya suka faɗa, da Turawa ba su ci wannan yaƙi ba. Alamar Ɗan Burmi ɗaya ce: in ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ka dubi hammatarsa, za ka ga buhu a ninke.

Bayansa sai Masani. Shi ne ɗan uwan mutanen Kafayate na jini. Ba ya cin mangwaro sai ya yi masa tambayoyi. Zai ɗauka ya juya, ya latsa da babban yatsa, ya kai hanci wajen hancin mangwaron, ya lumshe ido, ya ja numfashi. Sannan ya yanke hukunci: "Wannan Alfonso ne, amma an cika masa ruwa a watan da ya wuce." Abin da ke hannunsa kuwa Kitchener ne, mangwaron talaka mai zare, wanda yara ke jifa da dutse a bakin hanya. Sunan Baturen da ya ci Umdurman a 1898 aka laƙaba masa, kuma halinsu ɗaya, in ya shiga tsakanin haƙora sai an yi da gaske yake fita. Masani ya san sunaye kaf: Abu Samaka, Galbattor mai girman zuciyar bijimi, Zibda, Dabsha. Matsalarsa kawai bai san wane suna ne na wace bishiya ba. Wata rana ƙanena ya yanka mangwaro ɗaya gida biyu, ya kawo masa a faranti biyu. Ya ɗanɗana na farko ya ce ƙasar jarfi, ta bakin kogi, ita ta haife shi, akwai ƙamshin laka. Ya ɗanɗana na biyu ya girgiza kai, ya ce wannan na tudu ne, bai kama ƙafar ɗan uwansa ba. Ba mu faɗa masa ba har yau, don ba a tona wa babba asiri a gaban yara.

Akwai kuma Alhaji Ba-ni-ci. Tun daga bakin shinge yake shelar cewa shi zumunci kawai ya kawo shi, likita a Madani ya hana shi zaƙi. A kawo jabana, wato gahawa, ya ce kada a sa masa sukari. A ajiye kwanon mangwaro ya kawar da kai kamar an ajiye haram. Can sai ya ce, "Ɗan nan, yanko mini gefe ɗaya, don kada a ce na raina." Gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen maraya, sai a haɗa su. Daga nan ya naɗe hannun jallabiya, ya ture rawani baya, ya sunkuya. In ya tashi tafiya, ka leƙa ƙarƙashin angarib, za ka tarar da ƙwallaye a jere, an tsotse su fes kamar an wanke da sabulu. Na taɓa ƙirga sha ɗaya. Da zai fita ya ce wa Kawu, "Ka ga dai ban ci komai ba, sai ka ba da na iyali."

Ɗan Khartum shi ba ci ya kawo shi ba, hoto ya kawo shi. Fararen kaya, farin takalmi, waya a hannu. Zai tambaya ko an wanke, ko da wuƙa, ko da abin goge hannu. Zai rungumi bishiya a ɗauke shi, ya riƙe fartanya a juye a ɗauke shi, ya rubuta a Facebook cewa ya dawo tushe. Ƙarshenta sai ya ce zai hau, don abokansa su ga jinin noma bai bar jikinsa ba. Kawu kan ce, "Ɗana, akwai masu gida a sama." Ba ya ji. Reshe na biyu yake kaiwa tururuwa su yi masa maraba ta ƙafar wando. Saukowarsa ita ce hoton da ya fi kyau a ranar, ita ce kuma ba ya sakawa.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne Mufattish, wato sufeto, tsohon ma'aikacin gandun Jazira da ya yi ritaya. Shi komai daga 1925 yake farawa, shekarar da aka gama madatsar Sinnar aka saki ruwa cikin magudanai, audugar Jazira ta riƙa tafiya masaƙun Ingila. Zai ba ka labarin yadda takarda ke fitowa daga hedikwata a Barakat ta faɗa wa kowane mai hawasha, wato mai gona a gandun, ranar shuka da ranar ban ruwa, ba mai ƙara kwana ɗaya. Da sandarsa yake zagaya lambu yana nuni: wannan ta yi kusa da waccan, wannan rariya ta karkace, wannan reshe a sare. A rayuwarsa bai taɓa dasa ko zogale ba, auduga ya sani, ita ma daga kan kujerar mota. Kawu na biye da shi yana "Haka ne, ranka ya daɗe," don kakanninmu sun yi shekaru suna faɗin haka ga mufattish, bakin ya saba. A ƙarshe ya karɓi dozin biyu, wai zai je ya duba ingancinsu a gida. Sakamakon binciken bai taɓa fitowa ba.

Shi kuwa Dillali da boksi yake zuwa, wato motar a-kori-kura, da akwatuna a baya, da fuska a murtuke. Aikinsa ya sayi bishiya da 'ya'yanta tun suna sama, don haka dole ya kushe. Bana ƙanana ne. Bana kasuwar Madani ta cika. Bana ƙuda ya shiga. Yana faɗi yana ɓare na uku, ruwan na bin gwiwar hannunsa. Kawu ya ce masa, "Malam, tunda ba daɗi, ajiye mana." Ya ce ai so yake ya tabbatar. Shi kaɗai ne cikin baƙin nan ke barin kuɗi, shi kaɗai ne kuma Kawu ke jin an cuce shi bayan ya tafi.

Lokaci-lokaci mukan sami Ɗan Gida, wato ɗalibi daga Kano ko Sakkwato da ke karatu a Jami'ar Afirka a Khartum, ya zo ganin 'yan uwan da ya ji labari. Murnarsa ba ta misaltuwa in ya ji tsohuwa ta ce masa "sannu da zuwa", ko ya ji Balarabe na kiran tsire agashe. Amma ba a rabin awa sai ya fara gyara mana Hausa da mangwaro baki ɗaya. Namu da daɗi, amma mun taɓa cin Binta Siga? Wani da ya zo, Kawu ya ce masa ya taimaka ya je bakin kogi ya tayar da babur. Yaro ya tafi da saurinsa, ya daɗe, ya dawo ya ce ya duba ko'ina bai ga babur ba, sai wani tsohon injin ban ruwa. Shi ne babur ɗin. Mun yi dariya har Kawu ya ƙware, shi kuma ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ce zai kai labari gida.

Sai Malam Mai Fatawa. Ba ya roƙo, ba ya tsinka, don tsinka ba izini cin haƙƙi ne. Abin da ya faɗo da kansa yake ɗauka. Sai dai Allah ya yi shi da son jingina. Zai zaɓi bishiyar da ta fi nauyi, ya jingina da ita yana jan carbi, ya gyara zama da ƙarfi, ya sake gyarawa. Abin da ya faɗo, rabo ne. In Gwaggo ta zo da tawagarta kuwa, jikoki bakwai da ƙwarya da zani na biyu, ba a maganar fatawa. Ita ta yi goyon Kawu, kuma takan tuna masa da haka a gaban kowa. Guguwa kan bar wani abu a reshe, jikokin Gwaggo ba sa bari.

Cikin duk masu zuwa, Kawu ya ce biri ne kaɗai mai gaskiya. Ba ya jero asali, ba ya kawo sunan likita, ba ya cewa zai duba inganci. Ya zo, ya gatsa, ya yar, ya gudu. An ce biri ya yi kama da mutum, Kawu ya ce a lambunsa an zalunci biri da wannan magana.

Haka muke, har yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a Yunin 2024. Hanya ta mutu. Babu boksi, babu farin takalmi, babu sandar Mufattish. 'Ya'yan itace suka riƙa faɗowa da kansu ba mai jingina, suna ruɓewa a ƙasa, lambu ya cika da tsami da ƙudaje. Mutumin da ya shekara talatin yana ƙorafin baƙi sai ga shi zaune a kan angarib yana kallon bakin shinge. Wani lokaci ya tambaye ni ko na ji labarin Alhaji Ba-ni-ci, ko yana samun maganinsa a inda ya gudu.

Da hanya ta fara buɗewa, mangwaro ya sake ja, wata safiya muka ji sallama mai tsawo daga bakin shinge. Ɗan Burmi ne. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Ya zauna zai fara jero asali, Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Na sani, Yaya. A ƙwarya ɗaya suka sha fura. Miƙo buhun."

Ya ɗaga hannu biyu, ba komai a hammatarsa. Ya ce bana bai zo da buhu ba, zuwa ya yi ya ga wa ya rage.

Kawu ya juyo ya dube ni. "Shiga ɗaki ka ɗauko masa namu. Babban."