Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu: Baƙin Daren Super Bowl

Ranar Lahadi ta biyu a watan Fabrairu Amurkawa kan kasu gida biyu: masu karɓar baƙi, da masu tafiya gidan wani rungume da tukunya. Daren Super Bowl ke nan, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Wasan minti 60 ne a agogon alƙali, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallace da waƙe-waƙen hutun rabin lokaci sai ya haura awa uku, kuma a duk tsawonsa baki ba ya hutawa. Can jikin bangon falo akwai teburi, inda kowa ke dire abincin jiharsu ya tsaya a kansa yana gadi. Na sha zaman irin wannan falo, na kuma ji jiki a hannun mutanensa.

Babbansu shi ne Mutumin Teksas. Tun daren Asabar ya shafe ƙirjin sa guda da gishiri da masoro, ya jefa shi cikin murhun hayaƙi, ya kwana yana tashi yana duba zafi kamar mai jego. Kafin ya cire takalmi kowa ya ji cewa awa 14 aka yi ana wannan aiki. Ya shigo da kula a ƙirji, nama naɗe cikin takarda, takarda naɗe cikin tawul. Kada ka kuskura ka miƙa hannu, domin naman yana hutawa. Aka take wasa, yana hutawa. Aka ci maki na farko, yana hutawa. Yara suka fara ƙananan koke-koke, uwargida ta fara harararsa, shi dai ya dubi agogo ya girgiza kai.

Sai can ya zaro wuƙarsa da ya zo da ita daga gida, don ta masu gida ba ta kai ba. Ya sa a rage ƙarar talabijin. Ya yanki siriri guda ya rataya a yatsa, a ga yadda ya lanƙwashe bai tsinke ba. Ya matsa shi a ga mai yana tsiyaya. Ya nuna jan layin da hayaƙi ya bari a ƙarƙashin baƙin ɓawo. Sai jama'a sun ce “kai!” sannan rabo ya fara. In tsautsayi ya sa ka nemi miyar dangwalawa, zai ajiye wuƙa ya dube ka da tausayi ya ce, “Abokina, naman da ya yi kyau ba ya bukatar a rufa masa asiri.”

Bai gama ba. Daga nan zai ɗauki cokali ya bi tukwanen chili, wato miyar nama da barkono, na sauran mutane yana tonawa, neman wake yake. Majalisar jiharsu ta ayyana chili a matsayin abincin jiha tun 1977, kuma a fahimtarsa ƙwayar wake ɗaya ta isa ta ɓata tukunya. Yana yin duk wannan sanye da rigar Cowboys, ƙungiyar da rabonta da kofin tun Janairun 1996, yana faɗa wa kowa cewa baɗi tasu ce. Abin da ya sa muke shanye masa shi ne naman. Wallahi ya iya.

Mutumin Sinsinati ya san halin na Teksas, shi ya sa yake ajiye kwanonsa can ƙarshen teburi. Nasa chilin da kirfa a ciki, a kan taliya ake zuba shi, a tula cuku har sai ya ɓace. 'Yan ci-rani daga Masedoniya ne suka fara sayar da shi a garin a 1922, shi kuwa har yau yana nan yana roƙon a ɗanɗana kafin a yanke hukunci.

'Yar Bafalo ta zo da fukafukan kaza jajur da barkono da bota, da tarihinsu a baki: Anchor Bar, 1964, Teressa Bellissimo. Da miyar cuku mai shuɗin ɗigo ake ci, wanda ya tsoma a miyar ranch ya fita daga dangi. Ba mai musu da ita. Matar da ƙungiyarta ta je wasan ƙarshe sau huɗu a jere, daga 1991 zuwa 1994, ta dawo hannu rabbana duka huɗun, ai a bar ta ta yi nasara ko a kan miya ce.

Na Shikago da na Niyok a tare suke zuwa, a tare suke faɗa. Wannan ya ce fizar wancan takarda ce, wancan ya ce ta wannan sai da cokali. Kafin su gama yara sun cinye duka biyun.

Ɗan Filadelfiya ya kawo burodi cike da yankakken nama da narkakken cuku, yana ba da haƙuri cewa burodin nan garin ba na gaske ba ne. Ka ambaci shagon Pat's ko Geno's don ka burge shi, ya ce na 'yan yawon buɗe ido ne. Ka yi shiru kawai. Mutanen da hukuma ke shafa wa turakun fitilun titi mai don kada su hau in ƙungiyarsu Eagles ta ci, ba abokan gardama ba ne.

Na Wiskonsin ya ɗora hular soso mai siffar cuku a ka, ya ce kowa ya yi tsit ya ji yadda ɗanyen cukunsa ke ƙara a haƙori.

'Yar Minesota ita ce mai kunyar taron. Ta kawo hotdish, nama da miyar gwangwani an lulluɓe da soyayyen dankali, ta ce ba wani abu ba ne, a yi haƙuri da shi. A wurinta ɗaukar yanki na ƙarshe abin kunya ne, don haka sai ta raba shi biyu ta ɗauki rabi. Can an jima ta dawo ta raba rabin. Har aka miƙa kofi akwai wani ɗan ɓurɓushi a faranti da ba wanda ya isa ya taɓa.

Ɗan Luwiziyana ya iso a makare saboda ya tsaya yana juya fulawa cikin mai har ta yi duhu, wai da haka ake fara miyar gumbo. Ya haɗo da kek na lokacin bikin Mardi Gras, mai launin kore da rawaya da shunayya, da ɗan jaririn roba a ɓoye a ciki. Wanda ya ci karo da jaririn shi zai sayi kek na gaba. Sai ka ga manya suna tauna a hankali, wani ma ya ɓoye abin a kunci ya yi kamar bai ji komai ba.

Kusa da tukunyar gumbon nan za ka tarar da wani baƙo da ba zan faɗi ƙasarsa ba. Ya leƙa ya ga kuɓewa, tun daga nan ya kama mai tukunya yana yi masa bayanin cewa daga Afirka ta zo, kuma a gida an fi iya kaɗa ta. Ya kawo tsire da yajin ƙuli, uwargida ta ji akwai gyaɗa, ta manna masa takardar gargaɗi ta kai shi saman firji saboda yaron maƙwabta. Ba ya gane dalilin da alƙali ke jefa ƙyallen rawaya, amma da ya ji an yi ihu shi ma sai ya yi, ɗan bayan na kowa. Kowane kwano sai ya tambaya, “Don Allah me aka sa a ciki?” Matata ta ce in ya ci gaba da wa'azin kuɓewa ba za ta ƙara raka shi ba.

Duk waɗannan na yafe musu, don kewar gida ce ke sa su surutu. Akwai ɗaya da ban yafe wa ba, Mai Ɗan Kaɗan. Ka tambaye shi a fili ko akwai alade a waken da ya kawo, ya ce babu, ci abinka. Sai da ka kusa share faranti ya matso yana murmushi ya ce, “To, akwai ɗan kaɗan ne kawai don ƙamshi. Ka ga ai ba abin da ya same ka.” Haka yake yi wa maƙwabcinmu Bayahude, haka yake yi wa yarinyar da ba ta cin nama, kuma a ganinsa wasa ne. Wannan cin amana ne. Wanda ya tambaye ka abin da ke cikin tukunyarka ya ba ka yardarsa ne, kai kuma ka mai da ita abin dariya a gaban mutane. Sauran Amurkawan da ke falon ma ba sa dariyar, galibinsu su ne ke riga ka cewa, “Kada ka ci wancan, ga wannan na kaza ne.” Na Teksas da duk fankamarsa bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan namansa ba.

Saboda haka mai karatu, in aka gayyace ka daren Super Bowl, kada ka je hannu sake. Ka yabi naman Teksas tun kafin ka haɗiye, kada ka ambaci wake, kada ka shiga tsakanin Shikago da Niyok. Wanda kuwa ya taɓa ce maka “ɗan kaɗan ne”, ko ruwa ya miƙo maka ka ce ka ƙoshi.